Kafin Ka Zagi Gam, Ɗiga Ruwa Ka Gani

Shekarun baya, ina sabon buɗe shagon buga sitika a Sabon Garin Zariya, wani Alhaji ya kawo mini aikin sitika ta jarkoki ɗari biyu, irin rawayan nan masu lita 25, zai raba wa 'yan ga-ruwa. Na buga, na yanka, ni da yarona muka goge jarkokin da tsumma da kananzir har suna ƙyalli, muka manna. Kwana huɗu sai ga Alhaji a bakin shago da jarka ɗaya a hannu, sitikar ta ɗaga kunne ta kowace kusurwa. Bai ɗaga murya ba. Farce ya sa ya janye ta gaba ɗaya, ta fito salin-alin, ko ɗigon gam ba ta bari a jikin robar ba. Ya ce, "Malam, wannan mannawa aka yi ko jinginawa?"

Na rantse masa gam ɗin ne jabu. Na tafi wurin mai sayar mini da kaya na wanke shi tas. Bawan Allah bai yi musu da ni ba, ya yanko guntu daga irin naɗin da na saya, ya manna a gilashin kantarsa, ya danna da babban yatsa, ya ce in cire. Sai da na nemi reza.

Gam ɗaya, sitika ɗaya, amma ta ƙi jarka ta kama gilashi. Dalilin da ya sa haka shi ne abin da zan shimfiɗa a nan, don mai fenti da kafinta da baduku da mai buga leda duk ciwonsu ɗaya ne a wannan wajen.

Kowane abu, ƙwayoyin da ke cikinsa suna riƙe da juna ta ko'ina. Waɗanda ke can waje a kan fuska kuwa ta gefe ɗaya kawai suke da abokan riƙo, ɗaya hannun nasu a sake yake yana neman abin kamawa. Masana suna kiran wannan da makamashin fuska. Mu a shago kwaɗayi muke ce masa. Gilashi da ƙarfe masu tsabta makwaɗaita ne, duk abin da ya taɓa su sai su cafke. Leda da robar jarka a ƙoshe suke, ba sa marmarin kowa.

Shi ma abin da za ka shafa, gam ne ko fenti ko tawada, yana da nasa halin: ƙwayoyinsa suna jan juna ciki, suna son dunƙulewa. Gardama ce tsakanin biyu. In fuska ta fi ƙarfin ja, ruwan ya baje ya shiga kowane lungu. In ruwan ya fi, ya dunƙule ya zauna a sama kamar raɓa a kan ganyen gwaza. Abin da bai baje ya jiƙa fuska ba kuwa, ko ya bushe ba zai riƙe ta ba.

Ana auna duka biyun da ma'auni ɗaya, dayin a kan santimita. Ruwa tsantsa yana wajen 72. Sifirit wajen 22. A ɓangaren fuska, Teflon na cikin kaskon suya yana wajen 18, silikon, wani sinadari mai santsi, ashirin da 'yan kai, robar bokiti da kujera wajen 29 zuwa 30, leda da jarka 31, bututun ruwa na PVC wajen 39, gorar ruwan roba wajen 43. Gilashi da ƙarafa masu tsabta suna cikin ɗaruruwa. Ƙa'idar da masu sana'a ke bi ita ce fuska ta ɗara abin shafawa da kamar dayin 10. Ba sai ka haddace ba. Ka dai riƙe cewa duk abin da ke ƙasa da 36 zuwa 38 mai taurin kai ne, sai an lallashe shi.

In kana son ganin abin da idonka, ɗauki takardar bayan sitika, wadda muke ɓarewa mu yar. Da gangan aka shafe ta da silikon don gam ya kwanta a kanta wata da watanni bai kama ba.

Mataki na farko: san wa kake mannawa

Gam bai san abin da ke ƙasa ba, fatar sama kaɗai yake gaisawa da ita. Ƙofar ƙarfe da aka yi wa fenti, a wurin gam fenti ce. Katakon da ya sha folish, kaki ne. Gilashin mota da aka fesa wa man ƙyalli, silikon ne. Saboda haka tambayar farko ita ce mene ne a sama, kuma shi kansa ya riƙe na ƙasansa?

In roba ce, kifa ta ka duba gindinta. Za ka ga alamar kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2, 4 da 5 su ne masu wahala: jarka, tankin ruwa, leda, bokiti, buta, kujerar roba. Lamba 1 da 3 suna karɓar gam da tawada ba tare da dogon roƙo ba. In babu lamba, yanki ɗan ƙwalli ka jefa a kofin ruwa. Masu wahalar nan yawanci sama suke tasowa, PVC da robar gora kuwa nutsewa suke.

Na biyu: ɗigon ruwa

Wannan gwajin kyauta ne, kuma da na san shi da Alhaji bai dawo mini da jarka ba. Kwantar da abin, ɗiga masa ruwa mai tsabta, ka durƙusa ka leƙa ɗigon ta gefe. In ya baje ya yi faɗi kamar miyar da ta tsinke, fuskar tana da kwaɗayi. In ya tsaya ƙudundune kamar rabin ƙwallo ko fiye, akwai aiki a gabanka. Wannan kusurwar da ɗigo ke yi da fuska, tun 1805 wani masani ɗan Ingila, Thomas Young, ya yi bayaninta, kuma har yau ita ce injinan ɗakin bincike ke aunawa. Ƙasa da digiri 90 ruwa ya jiƙa, sama da haka ya ƙi.

A kan ƙarfe ko gilashi mai faɗi, jingina shi ka kwara masa ruwa daga sama. Fuska mai tsabta za ta riƙe ruwan shimfiɗa ɗaya na kusan rabin minti. Duk inda ruwan ya tsage ya bar tsibiri busasshe, maiƙo ne a wurin, ko da shatin yatsa ne kawai.

Hattara da abu ɗaya: sauran omo yana yaudara. Sabulu yana karya ƙarfin dunƙulewar ruwa, sai ka ga ya baje lafiya lau a kan fuska mai datti. Ɗauraye sosai kafin ka gwada.

Na uku: wanki, inda yawancinmu muke faɗuwa

Na ce ƙarfe makwaɗaici ne, to kwaɗayin nan shi ne kuma matsalarsa. Kana gama kankare shi ya fara cafkar duk abin da ke yawo a iska: hayaƙin janareto, tururin mai, gumin hannu. Maiƙon da bai kai ka gani da ido ba ya isa ya mayar da ƙarfe tamkar leda. Laifina a kan jarkokin nan biyu ne. Robar da ma can ba ta son gam, sannan na ƙara mata da kananzir, wanda ke bushewa ya bar ɗan mai a baya. Ƙyallin da na gani na yi murna, shi ne alamar ɓarnar.

Ga yadda nake yi yanzu. Datti mai kauri, ruwa da omo, a ɗauraye, a bari ya bushe ƙarau. Daga nan sifirit, da tsumma biyu. Na farko jiƙaƙƙe yana narkar da maiƙon, na biyu busasshe yana biye da shi nan take yana kwashewa kafin sifirit ya tashi. In ka bari ya bushe da kansa, maiƙon ka baza kawai, ba ka cire ba. Goga ta tafi gefe ɗaya, kada ka riƙa zagaye kamar mai shafa mai, kuma ka dinga juya tsumman. Tsumman ma ya zama farin auduga wankakke. Tsohuwar singiletin da yaron shago ya share gumi da ita ba ta cikin lissafi.

Tina tana wanke ƙarfe da kyau, amma tana cin wasu robobin da fenti, sai ka gwada a ɓoyayyen wuri. Fetur da kananzir da gas na mota, ka raba su da wannan aikin.

Babban maƙiyi shi ne silikon. Man fesawar nan da masu wankin mota ke sa wa taya da dashbod, in iska ta kwaso shi zuwa inda ake feshin fenti, za ka ga fentin yana buɗe ƙananan ramuka masu zagaye, waɗanda masu fenti ke kira idon kifi. Fentin ne ke gudu daga ɗigon silikon. Na san wani mai fentin keke Napep ta wajen Kwangila da ya canja kamfanin fenti har sau biyu a kan wannan, ashe maƙwabcinsa mai wankin mota ne sanadi. Irin haka kuma na faruwa in kwamfireso yana tofo mai ko ruwa ta cikin tiyo. Fesa iska zalla a kan farar takarda, in ta yi tabo ka san inda cutar take.

Da zarar ka wanke, hannu ya haramta a wurin.

Na huɗu: samfefa

Mai faci a bakin titi ya san wannan tun kafin a haife mu: ya kankare tub, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, sannan ya ɗora faci ya buga. Kankarewa tana cire mataccen saman, ta ƙara faɗin wurin riƙo, ta ba gam ƙananan ramukan da zai sa ƙafa.

Abu biyu ake mantawa. Wanki yana zuwa kafin samfefa, in ba haka ba ka tura maiƙon cikin ƙarcen da ka yi. Sannan a sake gogewa bayanta don kwashe gari. Na biyu, samfefa ba ta canja halin abu, ƙara masa take. Fuskar da ke son gam za ta ƙara so. Wadda ba ta so, kamar jarka, gam ɗin sitika mai kauri sai ya tsaya a kan tudun ƙarcen ya bar iska a ramukan, wurin taɓawa ya ragu. Shi ya sa wasu ke cewa sun goge jarka da samfefa amma abin ya ƙi.

Na biyar: koya wa roba kwaɗayi

Masu kamfanin ruwan leda a Zariya, daga Samaru har Dan Magaji, suna sayen naɗin leda da aka buga wa suna, kuma tawadar ba ta gogewa duk da cewa leda 31 take. Sirrin shi ne tun a masana'anta ake bi da ledar ta ƙarƙashin tartsatsin lantarki mai ƙarfi, abin da ake kira korona. Wani injiniya ɗan Denmak, Verner Eisby, shi ya ƙirƙiro dabarar a 1951. Tartsatsin yana cusa iskar oksijin a fatar ledar, kwaɗayinta ya hau zuwa 38 ko 42. Tawada mai tina tana wadatuwa da 38 zuwa 40, mai ruwa kuwa ta fi son 42 zuwa sama.

In kana harkar buga leda ko haɗa leda biyu, ka nemi alƙalamin dayin, wato alƙalamin gwada kwaɗayin fuska, mai lamba 38. Ka ja layi a kan ledar. In layin ya zauna lafiya na daƙiƙa biyu zuwa uku, ta kai. In ya tsinke ya zama ɗige-ɗige, ba ta kai ba. Ka gwada fuska biyun, domin sau da yawa gefe ɗaya kawai ake yi wa, kuma an sha buga aiki a bayan da ba a taɓa ba. Ka kuma sani wannan kwaɗayin aro ne, yana raguwa. Naɗin da ya kwana watanni a sito mai rufin kwano cikin zafin Afrilu ba lallai ya kai yadda ya fito ba, don sinadarin santsi da ke cikin ledar yana tasowa sama a hankali ya rufe aikin.

Mu da ba mu da injin korona, wuta muke amfani da ita. Bututun gas mai shuɗin harshe, ka wuce da shi a kan robar da sauri, kamar mai babbake kaza yana tsoron ƙona fata, sau biyu ko uku. Ba narkarwa ake so ba. In robar ta yi laushi ko ta canja launi, ka wuce gona da iri. Bari ta huce, ka ɗiga ruwa a wurin da wuta ta bi da inda ba ta bi ba, za ka ga bambanci da idonka. Shanya wurin ka manna nan da nan, kada ka bari sai gobe. Wutar kyandir ko ta aci-balbal mai jan harshe ba ta yi, baƙin hayaƙi kawai za ta shafa. Kuma don Allah, jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko tina ba a kusantar ta da wuta ko an wanke ta, haka ma sai sifirit ya gama tashi, an rufe kwalbarsa an kai ta nesa.

Hanya ta uku furaima ce ta roba, wato shafin farko da ke sa na sama ya kama, irin wadda masu fentin mota ke fesa wa bamba kafin fenti. Siririn shafi ake yi mata. In ta yi kauri ita kanta za ta zama wurin ɓarewa.

Kwanon rufi da langa-langa masu ruwan tutiya nasu daban ne. Sabon kwano yana zuwa da ɗan mai ko sinadarin kariya daga masana'anta. Bayan haka, fentin mai na gama-gari yana faɗa da tutiya, su haifar da wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, bayan 'yan watanni fentin ya saɓule kamar fatar maciji. A wanke kwanon, a sa furaimar da aka rubuta cewa ta kwano mai tutiya ce, sannan fenti. Alminiyom ma haka, ana kankarewa a bi shi da furaima mai cin ƙarfe ba tare da jinkiri ba.

Na shida: hawa-hawa

Nan ne aikin shafi a kan shafi ke da wayo. Duk hawan da ka gama, ya zama sabuwar fuska ga na gaba, kuma tambayar farko ta dawo sabuwa. Ƙarfe, furaima, fila mai cike ramuka, fenti, man ƙyalli na ƙarshe: mahaɗa huɗu ke nan, kuma mafi rauninsu ita ce ƙarfin aikin gaba ɗaya.

Fenti yana da lokacin da yake karɓar ɗan'uwansa. In hawan farko ya sha iska amma bai gama ƙeƙashewa ba, na biyu yana ɗan narka shi su zama jiki ɗaya. In ya kwana biyu ya yi tauri yana sheƙi, ƙofar ta rufe, sai ka kashe sheƙin da samfefa mai laushi. Tazarar tana rubuce a jikin gwangwani, kuma ta bambanta daga fenti zuwa fenti. Karanta ta ya fi tambayar maƙwabci.

A bangon gida, kuskuren da na fi gani a Tudun Wada da cikin birni shi ne ɗora fentin ruwa kai tsaye a kan tsohon fentin mai, ko a kan farar ƙasa. Na farko santsi ne ya hana shi kamu. Na biyu kuwa ya kama sosai, amma garin da ya kama ne bai riƙe bango ba. Shafa tafin hannunka, in ya fito fari sai an kankare an sa abin ɗaure gari. Sabon filasta kuma a ba shi kamar kwana 28 ya bushe.

Kafinta mai manna fomeka da baduku mai haɗa tafin takalmi, gam ɗinsu iri ɗaya ne a hali: a shafa wa fuska biyun siriri, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danna da ƙarfi. Wanda ya haɗa da ɗanye ya kulle tina a ciki, rana na dukan tebur sai fomeka ta kumbura. Fatar da aka yi wa ado da sheƙi kuma, sai an kankare sheƙin a daidai inda gam zai zauna, in ba haka ba fentin fatar ka manna wa tafi. Masu son zurfafawa a wannan ɓangaren, ga cibiyar nazarin fata nan a Samaru, aikinsu ke nan.

Banar talla ta roba mai laushi ita ma tana da nata makirci. Man da ke sa ta laushi yana tasowa a hankali ya shiga gam ɗin sitika ya mai da shi kamar ƙullun da ya yi ruwa. In aiki ya kama yau, bayan wata biyu ya fara zamewa yana danƙo, wannan ne.

Na bakwai: dannawa da yanayin gari

Gam ɗin sitika ruwa ne mai tsananin kauri, a hankali yake kwarara cikin fuska. Dannawa ce ke taimakonsa, daga tsakiya zuwa baki, da abin goga mai faɗi. Ƙarfinsa kuma bai cika sai bayan kamar awa 72, don haka kada a wanke ko a ja kafin nan. Ga robobi masu taurin kai akwai sitika mai gam na musamman, ka faɗa wa mai kaya a kan me za ka manna. Gam mai asalin danƙon roba ya fi kama su da wuri, sai dai rana tana saurin tsufar da shi.

Da hunturu, sanyin asuba yana sandarar da gam, ka jira hantsi. Ga kuma wani abin haushi: goga roba da busasshen tsumma a wannan lokacin yana tara mata lantarkin da ke jawo ƙura, kana sharewa tana dawowa. Tsumma mai ɗan danshin sifirit ne maganinta. Da damina, musamman Agusta, raɓar da ido ba ya gani tana kwanciya a kan ƙarfe da safe. Ƙa'idar masu fenti ita ce ƙarfe ya fi ma'aunin saukar raɓa ɗumi da digiri 3. In ba ka da abin awo, bari rana ta taɓa shi tukuna. Da bazara kuma kada ka yi feshi a kan ƙarfen da ba ka iya ɗora tafinka a kai, fentin zai bushe kafin ya baje.

Na ƙarshe: reza da salatef

Kafin ka taɓa kayan mutane ɗari biyu, yi guda ɗaya ka bar shi ya kwana uku. In fenti ne ko tawada, ɗauki sabuwar reza ka ja layi shida a tsaye, shida a kwance, tazarar milimita ɗaya zuwa biyu, har reza ta taɓa ƙasa. Ka sami ƙananan gidaje 25. Manna salatef mai ƙarfi a kai, murza da yatsa, ka fizge. In gidajen suna nan daram, ci gaba. In salatef ya kwaso wasu, kada ka yar da shi, juya shi ka karanta.

Bayan ɓawon da ya fito shi ke gaya maka mai laifi. In ya fito da furaima a manne, ƙarfe ya bayyana tsirara yana sheƙi, wanki ne bai yi ba ko furaimar ba ta wannan ƙarfen ba ce. In furaima ta zauna, fentin sama kaɗai ya tashi, tazarar da ke tsakanin hawa biyun ce, ko ƙura ta sauka a tsakani. In ka ga gari ko tsatsa a bayansa, abin da ka ɗora a kai ne ruɓaɓɓe. In kuwa gam ya rabu biyu, rabi a nan rabi a can, to fuskokin sun yi nasu, a nan ne kaɗai kake da hujjar komawa wurin mai kaya, ko ka binciki yadda ka gauraya shi da yadda ka bar shi ya bushe.

Jarkokin Alhaji, da kuɗina na sake su. Omo, sifirit, wuta, sitika, muka jera su a inuwa kwana uku kafin in bari a ɗauka. Da ya zo karɓa bai ce komai ba, ya sa farcen nan nasa a kusurwar ta farko ya yi ta ƙoƙari. Da ya gaji sai ya dubi yarona ya ce, "Kai, ɗauko mini waccan ta ƙasa, wannan ita kuka shirya mini."